Shagon gwanjon tsofaffin motocin rimot a Sabon Gari, bayan wata takwas ina zarya

Wata takwas kenan ina zarya shagon nan, inaga yanzu na isa in faɗi albarkacin bakina a kansa, don na saya na ji daɗi, na saya na yi asara, an kuma taɓa yi min abun da sai da na yi sati uku ban taka layin ba. Ba zan kama suna ba. Duk wanda ya san cikin kasuwar Sabon Garin Zariya ya san wajen 'yan gwanjon kayan wasan yara, inda ake zube 'yartsana mara hannu da bindigar ruwa da teddi a kan buhu, toh shagon da nake nufi shine wanda in ka leƙa can ƙurya za ka hango motoci masu ƙattin tayoyi an jera su a kanta har kusa da silin, ƙura ta yi musu rawani. Mu dai Alhaji muke ce masa.

Ni wannan ciwon tun ina firamare ya kama ni. A Samaru muka taso, mu namu motocin na kara ne da na langa-langa, a yanka tsohon silifas a yi taya, a sa murfin lemo a yi fitila, ka ɗaura igiya kana ja kana yin kukan inji da baki. Sai wani malamin jami'a maƙwabcinmu ya dawo daga karatu a Ingila wajen 1989 ya zo wa ɗansa da wata jar a-kori-kura mai rimot, wallahi ranar duk yaran layin ba wanda ya je makarantar allo da yamma, bulala kam mun sha ta washegari. Yaron nan layi yake sa mu, kowa ya riƙe rimot sau ɗaya, ni kuma ranar da layi ya zo kaina batir ya mutu. Shikenan ban taɓa tuƙa ta ba har suka tashi. Yanzu ga ni da furfura a gemu ina da guda goma sha ɗaya a saman wadirob, uwargida tana ce musu kishiyoyinta, shida daga ciki kuma a wajen Alhaji na same su.

Abu na farko da ya kamata mutum ya sani shine Alhaji ba zaɓo kayan nan yake yi ba. Dila ake kawo masa daga Legas, a cakuɗe, shi kansa bai san me ke ciki ba sai an yanke igiya, kuma gaskiya yawanci tarkace ne, motocin roba na kwanan nan da suka karye tun a can aka zubar. Amma jefi-jefi sai a faɗo kan tsohon hannu, irin na shekarun 1980 zuwa farkon 1990, lokacin da Japan ke riƙe da wannan harka. In an buɗe dila ranar Talata ka je ranar Alhamis toh ragowa za ka tarar, shi ya sa na roƙe shi ya riƙa yi min filashin, kuma a nan ba zan ci haƙƙinsa ba, yana yi, ko da kuwa ina wajen aiki ne.

Ta farko da na saya a-kori-kura ce ta Nikko, baƙa, da fitilu a saman kai da makunnin giya biyu a ƙasa, ɗaya na gudu ɗaya na ƙarfi. Nikko kamfani ne da aka kafa a Japan a 1958, kuma in kana neman inda za ka fara ni su nake ba mutum shawara, don suna da yawa a gwanjo kuma cikinsu ba wuya. Dubu goma sha takwas ya ce, muka daidaita a sha biyu da rimot ɗinta na asali. Da na buɗe gidan batir sai na tarar wani bawan Allah a Turai ya bar batir takwas a ciki ƙila shekara ashirin, duk sun zubar da wani farin gari-gari, ƙarafunan sun yi kore sun yi tsatsa. Kar wannan ya tsorata ka in dai ƙarfen bai cinye ya rabu biyu ba. Abun da irin wannan batir ɗin ke zubarwa ɗan'uwan kanwa ne, kuma duk mai girki ta san kanwa da tsami kashe juna suke, don haka ruwan khal na ɗebo a kicin da tsohon burushin goge baki, na diga na ga yana kumfa, na goge na shanya a inuwa, na bi da 'yar sanfefa. Uwargida na tsaye a kaina tana cewa Abban yara yanzu khal ɗin nawa na salak ne ya koma na kanikanci. Da na sa sabon batir na danna motar nan ta zabura ta daki ƙafar kujera, ni kaɗai na san abun da na ji a raina, kaman an biya ni bashin 1989.

Abun da ya fi burge ni da shagon, kuma shine dalilin da nake komawa, Alhaji yana barin mutum ya gwada. Ba ya ce maka tana aiki in bai sani ba, kalmarsa kullum ita ce, "Malam ni ban gwada ba, ga ta ga ka, in ta tashi rabonka ne in ba ta tashi ba kar ka dawo min da ita." Wasu na jin haushin wannan maganar, ni kuwa ta fi min rantsuwar da ake yi maka a wasu shagunan ka je gida ka tarar ba komai a cikin bodin sai iska. Sai dai fa ka zo da batirinka, shi ba ya ajiyewa. Ni yanzu ina da 'yar jaka ta musamman, batir AA guda takwas masu caji, da batir 9V mai kusurwa huɗu ɗinnan irin na lasifikar hannu ta masallaci don shi yawancin tsofaffin rimot ke ci, da ƙaramin sukundireba mai kan sita. Zai shimfiɗa maka kwali a ƙofar shago ka zauna ka yi ta kwance-kwancenka ko awa biyu ne, har shayi ya taɓa aikawa a kawo min.

Inda matsalar take shine rimot. A dila mota daban take zuwa rimot daban, wani lokacin ma rimot ɗin yana wata dilar da ta tafi Kano ko Onica, toh shi Alhaji duk wanda ya tsinta sai ya jefa cikin wata ƙatuwar gana-mas-go, ta kusa cika, eriyoyi duk sun lanƙwashe wasu sun karye. In ka ɗauki mota sai a zazzage maka jakar a ce nemi nata. Nan ne wanda bai sani ba yake asarar kuɗinsa. Motocin nan kaman rediyo suke, kowace da tasharta, kuma a rubuce take a ƙarƙashin motar da bayan rimot ɗin. Akwai 27MHz wanda ko ina ana amfani da shi, kayan Amurka kuma za ka ga 49MHz, na Ingila da sauran Turai 40MHz. In lambar ba ta zo ɗaya ba ko kwana za ka yi kana dannawa ba za ta motsa ba. Kuma ko ta zo ɗaya ba lallai ba ne, don kowane kamfani da irin yaren da rimot ɗinsa ke yi wa motar, na taɓa samun wanda lambar ta dace amma in na danna gaba sai ta yi ribas, in na karya sitiyari ta yi tsit. Yaron shagon kuwa don ya sallame ka zai miƙo maka rimot na zamani mai 2.4GHz mara doguwar eriya ya ce duk ɗaya ne Oga. Ba ɗaya ba ne, kar ka karɓa. Na sha yi wa Alhaji magana ya sa a ware su ko da a leda uku ne, kullum sai ya ce in sha Allahu gobe.

Wani abun dariya da wannan tasha ɗin, ranar da na fito da motoci biyu duk masu 27MHz ni da ɗan yayana a tsakar gida, ina danna tawa tasa na tafiya, yaro ya yar da rimot ya ruga ɗaki wai motar Kawu tana da aljanu.

Ba zan yi maganar shagon ba ban ambaci dattijon da ke gyaran rediyo shago biyu gaba da shi ba, don a wajena su biyun abu ɗaya ne, ba don shi ba da rabin abun da na saya ado ne kawai. Baba muke ce masa. Tun zamanin rediyo mai kaset yake wannan aiki, kuma tsofaffin motocin nan allon wutarsu irin na wancan zamanin ne, kayan ciki manya-manya ana ganin kowanne da ido, ba irin na yanzu da za ka ga ɗigon baƙin gam kawai ba in ya mutu ya mutu. Zai sa mita ya auna, ya shinshina, ya ce ɗana wannan taransistan ne ya ƙone, ya ciro wani daga cikin gwangwanin madara ya like da dalma. Kuɗinsa ba yawa, dubu ɗaya da ɗari biyar, dubu biyu. Aibinsa ɗaya, in ya ce ka dawo jibi toh ka lissafa Juma'a biyu, ga kuma wutar NEPA da ba ta taimaka masa.

Ta biyun da na saya ita ce ta koya min hankali, kuma laifina ne ba na kowa ba. Tyco ce, irin masu rubutun 9.6V Turbo a jiki. Tyco na Amurka ne amma kamfanin Taiyo na Japan ne ya ƙera musu da yawa daga cikin motocin, daga baya a 1997 Mattel masu 'yartsanar Barbie suka saye Tyco ɗin. Na yi sa'a ta zo da batirinta da cajarta a ɗaure da salatif, murna ta sa ina isa gida na nemo adafta na soka a bango. Fuf. Wari ya cika ɗaki. Cajar Amurka wuta 120V take sha, mu kuma tamu 230V ce, a rubuce ɓaro-ɓaro a jikinta ban karanta ba. Don Allah duk abun da ya fito daga dila mai baki biyu falle-falle ka karanta kafin ka soka, na Japan ma 100V ne, na Ingila ne kawai mai baki uku ya dace da tamu kai tsaye. Batirin shi ma ya daɗe da mutuwa, dama NiCd ne, tsohon nau'in batir mai caji, kuma ba wanda zai kai shekara talatin da rai. Ba wani sirri a cikinsa, ƙananan batir takwas ne masu 1.2V aka jona a jere shine ya ba da 9.6V, Baba ya haɗa min sabo da batir masu caji na zamani, NiMH, guda takwas ya mayar da tsohon fulogin. Wani ya ba ni shawara wai in sa batirin laftof guda uku ta fi gudu, Baba ya ce kul, kowanne in ya cika 4.2V ne, uku sun haura 12V, allon zai tafi. Tsohon NiCd ɗin kuma kar a bar wa yara ko a jefa a wutar bola, akwai guba a ciki.

Toh sai babbar magana, Tamiya. Duk waɗancan da na lissafa kayan wasa ne na kanti, sitiyarinsu ko dai ya karye gaba ɗaya hagu ko gaba ɗaya dama, ba tsaka-tsaki. Tamiya kuwa, kamfanin da ke Shizuoka a Japan, a warwatse suke sayar da motar cikin kwali kai za ka haɗa da kanka noti bayan noti, totur ɗinta da sitiyari suna bin hannunka a hankali kaman motar gaske, kuma kowane ɓangare ana iya cirewa a sauya. Tun 1976 suka fara motocin rimot da wata Porsche 934, a 1985 suka fitar da Bruiser mai bodin Toyota Hilux da giya uku ta gaske, Blackfoot mai bodin Ford F-150 a 1986, sai 1987 da suka sako Lunch Box da Midnight Pumpkin da Clod Buster duk a shekara ɗaya. Ni a hoto kawai nake ganinsu, ban taɓa zaton zan ga ɗaya a Zariya ba.

Ranar wata Asabar Alhaji ya kira, ba filashin ba, kira, na san akwai magana. Na tari keke napep daga Tudun Wada ko wanka ban yi ba. Ina zuwa ya ciro ta daga ƙarƙashin benci, Lunch Box ce ruwan ɗorawa, 'yar bas a kan ƙattin tayoyi, har da ɗan ƙarfen nan na baya da ke tare ta in ta ɗaga gaba. Sai dai ɗansa da ke karatu a Kongo ya riga ya ɗauki hotonta ya shiga eBay, kasuwar nan ta intanet, ya ga farashin ta asali ta 1987 da kwalinta da komai, ya buga da canjin dala na ranar.

"Malam wannan fa ba na yara ba ne, na manya ne. Dubu ɗari uku."

"Haba Alhaji, ranka ya daɗe, ko akuya biyu zan saya?"

"Ai akuya ba ta zuwa daga Japan."

Na ce a ba ni in duba. Na cire bodi. Ta 1987 tana da wani makunni na ƙarfe da ƙaramin inji ke turawa don ƙara gudu ko ragewa, da wani farin dutse-dutse da ke ɗaukar zafi har ya ƙona yatsa, wannan kuwa ɗan baƙin akwati ne na lantarki a ciki. Wannan kaɗai ba hujja ba ce don mutum na iya sauyawa, amma Allah ya taimake ni littafin haɗa ta ya zo a naɗe cikin bodin, lambar da ke kai 58347. Ta asali 58063 ce. Wato wadda suka sake bugawa ce a 2005, mota ce mai kyau sosai amma ba ta kai wancan kuɗin ba ko kusa. Na nuna wa ɗan, ya sake dubawa a wayarsa, ya ce Baba gaskiyar Malam ne. A nan na ƙara ganin girman Alhaji, bai yi musu ba bai ɓata rai ba, ya yi dariya ya ce toh kai da ka san ta ka faɗa. Dubu sittin da biyar na biya a biya biyu, ba rimot, sai da na yi odar sabo. Yau ita ce sarauniyar saman wadirob, batir 7.2V take ci, in ka danna totur gaba ɗaya sai ta ɗaga ƙafafun gaba kaman dokin hawan Daushe yana jafi, in ka sha kwana da gudu kuma ta kife, halinta ne.

Amma tun daga ranar farashi ya canza a shagon, wannan dole in faɗa. Yanzu duk motar da aka ga rubutun Japan a ƙarƙashinta sai an kira ɗan a waya, kuma shi farashin da masu sayarwa suka rubuta yake kallo ba wanda aka saya ba, ga shi na mai kwali ne sabuwa fil. Kwalin ma da yake ƙara wa abun daraja, in ya zo a dila yaran shago yaga shi suke su shimfiɗa a zauna, da idona na ga rabin kwalin Nikko an ɗora masa kwanon tuwo.

Abun da ya sa na yi fushi kuwa Clod Buster ce. Wadda duk mai wannan harka yake mafarki, inji biyu ɗaya gaba ɗaya baya, tayoyi huɗu duk suna ja kuma duk huɗun suna karya kwana, kowace taya ta kusa kan jariri. Ta zo ba bodi, ƙafa ɗaya a karye, amma ita ce. Muka yi ciniki ranar Laraba na ce albashi zai shigo Litinin, ya ce ba komai Malam taka ce. Litinin na zo da kuɗi a aljihu na tarar wai wani ya zo daga Kaduna ranar Asabar ya ninka. Na ce Alhaji ba haka muka yi ba. Ya ce, "Ka ba da kafin alƙalami?" Na ce a'a. Ya ce toh. A ƙa'idar kasuwa yana da gaskiya, na sani, amma ai da sai ya kira ni ko rance ne in ci. Sati uku ban je ba, sai shi ya aiko yaronsa har gida da wasu tayoyin Nikko guda huɗu kyauta, dama na daɗe ina nema don nawa zafin Zariya ya tsattsaga su.

Maganar zafi, duk wanda zai tara kayan nan a garin nan ya nisanta su da taga da ɗakin kwano mara silin, robar shekara talatin da wani abu ba ta da haƙuri, tana bushewa ta karye kaman ƙashin kifi. In za a ajiye a cire batir, a ɗora motar a kan ɗan katako tayoyin su rataya kar su baje. Lokacin hunturu ƙurar nan mai laushi tana shiga gidan giya ta haɗu da giris ta zama kaman sanfefa tana cin haƙoran, ni in na kai su fili bayan la'asar ko ranar da muka je gindin dutsen Kufena da yara, ina dawowa sai na kwance na goge. Ɓera ma yana son wayoyinsu, ya ci min na Tyco sau ɗaya.

In maki zan bayar, cikin goma na ba shagon bakwai. Ɗaya na cire saboda gana-mas-go ɗin rimot, ɗaya saboda farashin eBay, ɗaya kuma na Clod Buster ne kuma ba zan mayar ba. Wanda ke neman motar da zai ba yaro kyautar sallah ta tashi nan take kar ya zo nan, ya je kanti ya sayi sabuwa a kwalinta ya huta. Nan na wanda ba ya ƙyashin zama a kan kwali da sukundireba ne yana zufa mutane na wucewa suna kallonsa. A zo da safe kafin rana ta yi, a zo da batir, a karanta lambar tasha, a kuma zo da tsabar kuɗi don taransifa tana yawan maƙalewa a cikin kasuwar. Ni dai yanzu dubu goma ta tana wajen Alhaji a rubuce a bayan littafin bashinsa, kafin alƙalami na duk wata Tamiya da za ta faɗo daga dila mai zuwa, ya ce bayan sallah ake sa ran ta iso.